Fom Ɗari Biyu

Sun ba ni fom ɗari biyu da biro shida,
suka ce, Ladan, zagaya gari
ka tambayo ko ana son digirin akanta,
don kwamiti ba ya sa hannu a kan zato.
Shekara goma sha ɗaya ina koyar da lissafin kuɗi,
yau ga ni bisa kabu-kabu, rungume da jakar leda.

Na fara da Kara.
Alhaji Modi na zaune kan buhun albasa,
motoci uku na lodi a bayansa.
Na karanta masa tambaya ta huɗu:
Za ka ɗauki mai digiri aiki?
Ya ce, "Mi za shi yi man?
Littahina ga shi nan," ya dafa ƙirji,
"shekara talatin ban ɓad da sisi ba."
Yaronsa ya yi tari, ya kau da kai.
Na miƙe, sai ya kama bakin rigata:
"Banki sun ce in kawo lissahin shekara ukku
kahin su ba ni rance. Kana da wani yaro?"
Na ce sai an buɗe karatun.
Ya ce, "To rubuta awo. Amma mai tsoron Allah."
Fom ɗin ba shi da gurbin tsoron Allah,
na rubuta a gefe.

A Mabera injin shinkafa bai bari mun ji juna ba.
Hajiya Inno ta ja ni bayan shago,
ta nuna mini kwali cike da rasit,
an ɗaure shi da tsumma kamar kayan mai ƙaura.
Duk ƙarshen wata sai ya hau mota
zuwa wurin wani mutum a wani gari
wanda bai taɓa shaƙar dusar nan ba.
Ta cike fom da kanta,
ta danna biro har ya huda takarda.

Ɗalibai kuwa, ban gama rabawa ba hannuwa suka tashi.
Luba ta ce sau biyu jami'a na ce mata babu gurbi,
ita ce mai riƙe littafin adashen mata arba'in.
Attahiru na sayar da mai da rana,
tambayarsa ɗaya, ko za a yi ajin yamma.
Can baya Jeɗo bai taɓa nasa ba.
"Malam, yayana na da digiri a ƙasan akwati,
keke yake ja daga Gawon Nama zuwa tasha.
In mun gama, wa zai ɗauke mu?"
Na so in ce Alhaji Modi,
na tuna nawa yake biyan yaronsa,
na yi shiru.
Ya sa a'a. Ban hana shi ba.

Da dare a Runjin Sambo, babu wuta,
na baje su kan tabarma, fitila a baki.
Wani na warin albasa, wani da tabon manja,
wani an amsa shi da ajami.
Ɗari da sittin da takwas sun ce i,
talatin da ɗaya sun ce a'a.
Na sake ƙirgawa. Saura ɗaya.
Akanta ba ya barci littafi bai daidaita ba.

Na same shi da asuba a ƙarƙashin kular ƙanƙara.
'Yata Kulu, mai shekara goma sha biyu,
ta ja layi uku a bayansa:
abin da ya shiga, abin da ya fita,
da wadda ta narke kafin a saya.
Naira hamsin ta bashin maƙwabta ma tana nan.

Na daɗe ina duban takardar.
Gabanta fari fat, ba ta amsa ko ɗaya ba.
Har ladan ya yi kira na biyu
ban san tarin da zan sa ta ba.