Sauya Rumbu

Ƙarfe biyu na dare a Garin Malam,
wuta ta dawo, fanka ta yi tari ta tashi.
Na buɗe kwamfuta bisa tabarma,
kwanon tuwon da ban taɓa ba yana gadina a gefe.

Manhajar ƙungiyar majema ce.
Tasi'u ya rubuta ta shekara shida baya
kafin Yamai ta haɗiye shi.
Ya bar mini sunaye kamar na 'yan tsaki:
abu, abu-biyu, wancan-abin,
da wani aiki da ya raɗa wa kar-a-taɓa.

Ina da abin gyara: in na sauya suna a wuri ɗaya
sai ya bi layi dubu tara ya sauya duka,
kamar tela ya warware riga a jikin mai ita
ya mayar, mai riga bai ji iska ba.
Sai dai duk abin da ya sani a rumbu yake ajiyewa,
rumbun kuwa ƙofarsa ɗaya.
In Barira ta shiga daga Birni, ni ina waje
ina karanta: a kulle yake. A kulle yake.

To, yau za mu ƙaura.

Sabon rumbun yana cikin tsohuwar na'ura
ƙarƙashin teburin Barira, batirin mota na ba ta rai.
Fayil ɗin saiti layi biyar ne kacal.
Na faɗa masa irin rumbun, na ba shi adireshi,
na sa lambar ƙofa,
kalmar sirri kuwa sunan akuyar kakata
da shekarar da ta ɓace a tsakanin duwatsu.

Ya ƙi.
Na juya lamba biyu, huɗu ta zauna a kujerar uku.
Na gyara. Ya karɓa.
Bayanai suka jeru suna wucewa
kamar bido a bakin famfo ranar da ruwa ya zo.

Sai na leƙa ciki.
Ƙirgi ya zama alamar tambaya da irgi.
Kuɗi ya rasa cikinsa,
ɓawo ba kai, ɗanye ba kai.
Sabon rumbu bai san harafi mai lanƙwasa ba,
duk wanda ya zo da ƙugiya sai ya tambaye shi: kai wane ne?
A garinmu.

Na yi dariya har kare ya amsa daga lungu.
Ban rushe tsohon ba, ai ba a rushewa
sai sabo ya ga damina.
Na kwashe, na ƙara layi na shida:
karɓi kowane harafi yadda uwarsa ta haife shi.
Na sake zubawa. Ƙirgi ya dawo da ƙahonsa.

Saura kar-a-taɓa.
Na buɗe a hankali.
Layi bakwai ne: duk dalar da ta rage bayan rabo
ya tara ta, ya rubuta wa Iya Hurera
mai share bakin rijiyoyin jima.
Ba wanda ya sa shi.
Na nemi sunan da ya fi wannan, na rasa.
Na bar shi.

Gwaji arba'in da ɗaya, duka kore.
Ladan ya gyara murya, mai ga-ruwa ya wuce da kurarsa tana kuka.
Waya ta yi haske, Barira ce:
Na shiga. Kina ciki?

Ina ciki, na ce.
Na jawo tuwon, ya yi sanyi.