Mararrabar Los Tordos

Kafin a yi gari, tankin ruwa aka yi.
Haka kakata Nélida ke fara labarin,
tana tsiyaya ruwan zafi a ƙoƙon mate.
Fili ne fetal, ciyawa har inda ido ya gaji,
sai layin dogo ya taso daga gabas
ya ci karo da ɗan'uwansa na arewa.
Suka gaisa, kowa ya kama gabansa.
Wurin gaisuwar nan ne garinmu.

Bayan tanki, ɗakin tikiti:
taga ɗaya, benci biyu,
da agogon bango mai lattin minti huɗu.
Sai sito na kwano, buhunan alkama har rufi,
ɓeraye suka yi ƙiba, sun fi masu gonar.
Sai shingen shanu,
da sikelin da Casimiro ke rantsuwa
bai taɓa ƙarya ba, sai dai ran Lahadi.

Mahaifina ne mai juya hanya.
Ƙarafa uku ne a hannunsa:
na farko ya kai ka bakin teku,
na biyu ya kai ka gindin duwatsu,
na uku ba ya zuwa ko'ina,
can taragu ke kwana cikin raɓa.
Da dare fitila ja, fitila kore,
wayar tangaraho na ta ƙwas-ƙwas
kamar kaza ta samu faifan hatsi.

Mahaifiyata fasinja ce.
Ta sauko canza jirgi da akwati ɗaya,
ta yarda da agogon bango,
na arewa ya tafi ya bar ta.
Aka ce wani na zuwa bayan kwana uku.
Shekara arba'in da ɗaya ta yi.

Daga baya kwalta ta iso,
manyan motoci suka kwashe alkamar.
Jirgi ya koma sau biyu a mako,
sannan sau ɗaya,
sannan wata takarda ta zo daga Buenos Aires,
layi uku da hatimi.
Baba ya rataye fitila, bai ce uffan ba.

Jiya na je.
Tankin na nan, iskar kudu na busa a cikinsa.
Wani tsuntsu ya gina ɗakin laka a kan sigina.
Na ja ƙarfe na farko, tsatsa ta riƙe.
Na biyu ma haka.
Na ukun ne ya motsa.

Agogon kuwa yana gidan tarihi a birni.
Na biya kuɗin shiga na gan shi.
Wai sun gyara shi.