Murhun Innata

Shekarar da murar nan ta hau duwatsun Wahaka
ba ta zo da ganga ba.
A motar kasuwa ta zo, ran Talata,
cikin tarin wani yaro mai sayar da lemo.
Kwana tara, rabin ƙauyenmu na kwance,
ƙararrawar coci ta rasa mai ja.

Kowa ya sha kaye, kowa ya tashi.
Fidencio mai faci ya koma bakin titi,
'yan makaranta suka koma hayaniya.
Sai mahaifina, Eleuterio.
A jikinsa zazzaɓi ya samu wuri, ya miƙe ƙafa.

Tun rasuwar innata murhu ya huce.
Shekara biyu yana kan baƙin kofi
da burodin leda, fari fat kamar auduga,
mai cika ciki ya bar jini da yunwa.
Ni kuwa ina birni ina goge benen wasu,
ina aiko kuɗi, ina zaton kuɗi abinci ne.

Hermelinda, nas ɗin asibitin gindin dutse,
ta ce ya buɗe baki.
Harshe ja, sumul, kamar an fere shi,
gefen leɓe ya tsage.
Ta taɓa tafin ƙafarsa,
ya ce tururuwa ke yawo a ciki tun bara.
Ta ɗebi jini a 'yar kwalba ta aika birni.

Da takarda ta dawo, ta zaunar da ni kan benci:
"Jiki gari ne, masu gadinsa na cikin jini.
Kullum sai an haifi sababbi a ɓargo,
kuma ba da ruwan kofi ake rainonsu ba.
Akwai wasu 'yan gida ɗaya, bitamin B,
ido ba ya ganinsu,
su ne masu miƙa bulo in ana gini.
Na sha biyun ya yi ƙasa a jikinsa, na taran ma haka.
Ɓarawo ya shigo,
ya tarar mai gadi bai karya kumallo ba."

Na ce, to a ba shi ya kashe cutar.
Ta girgiza kai. "Ba ya kashe komai.
Kada mai talla ya ruɗe ki da kwalba mai ƙyalli,
tulun da ya cika, ƙari zuba yake.
Mu dai mu ciyar da mai faɗan.
Faɗan nasa ne."
Ta yi masa allura, ruwanta ja
kamar zoɓon da muke sha ran biki.

Na hura murhun innata.
Na dafa masara da farar ƙasa yadda take yi,
ta kwana a ruwan, na wanke, na durƙusa gaban dutse.
Hannuna ya manta, dutsen bai manta ba.
Ashe wannan jiƙon, in ji Hermelinda,
shi ke kwance abin da masara ta ƙulle a cikinta.
Kakanninmu ba su san sunansa ba,
sun dai san fatar 'ya'yansu ba ta saɓewa.

Baƙin wake, ƙwai biyu, ganyen kabewa,
hantar kaza ran Lahadi.
Sau uku yana ture kwano.
Na huɗu ya ce gishiri ya yi kaɗan.
Na zaga bayan ɗaki na yi kuka,
mai ƙorafi ya fara dawowa.

Ban ce wake ya kori mura ba.
Wataƙila wa'adinta ne ya cika.
Tari ya bi shi har girbi,
tururuwar ƙafa ma ba ta gama kaura ba.
Amma jiya ya dogara sanda ya hau tudu,
ya dawo yana zagin tsuntsayen da suka ci masa gona.

Tikitin komawa birni na cikin aljihuna,
ya yi laushi don yawan taɓawa.
Masarar gobe na cikin tukunya
tana shan farar ƙasa.