Ƙasa-ƙasa

Sai da na faɗa maka, Mudassir.

Ka ce, "Oga Tanimu, rage mata tsayi,
ta yi rub-da-ciki kamar kada,
duk Samaru a juyo."
Na yanke sifirin. Kuɗinka ne.

Wata uku ke nan.
Shaf ɗin da aka ƙera a miƙe
yanzu a karkace yake juyi.
Roba ta tsage, giris ya tsere,
yashin Kwangila ya samu ɗaki.
Ka karya kwana, ƙas-ƙas-ƙas,
sai ka ce yaro na tauna aya.

Shoka ta rasa wurin numfashi.
Kowane ramin Tudun Wada
da ƙugunka yake gaisawa.
Taya ta cinye ta ciki.

Miƙo min jak.
A'a, tsaya. Durƙusa ka leƙa da kanka,
tunda ƙasa kake so.