Lambar da Ba Ta Zo a Jirgi Ba

Akwatunan katako ne suka fara isowa,
ta jirgin ƙasa daga Ikko, suna warin teku.
Ni da Jatau muka ɓalle ƙusoshin,
muna samari, albashinmu bai kai na ɗan dako ba.

Baturiyar da muka laƙaba wa Uwar Kati
ta ce kowane littafi da gidansa,
kowane gida da lambarsa.
Ta koya mini ɗari biyar kimiyya, ɗari tara tarihi,
ta koya mini tafiya da sanɗa
kamar mai shiga ɗakin mai jego.

Ba zan yi butulci ba.
A zauren nan ɗan lebura daga Kakuri
ya yi ta karatu har ya zama likitan ido.
Bara ma ya duba nawa, bai karɓi sisi ba.

Amma akwai wani littafi kan kiwon tumaki cikin ƙanƙara,
guda goma sha biyu, da hatimin kyauta a goshi.
Shekara talatin ina goge su.
Gara ce kaɗai ta taɓa aro,
ita ma ba ta dawo da shi ba.

Wata Laraba da damina, kogi ya kawo har wuyan gada,
Malam Cindo ya shigo jiƙe, gafaka a hammata:
takardun kakansa da ajami,
maganin shawara, lissafin taurarin shuka,
sunayen waɗanda suka haƙa rijiyoyin garinsu.
Ya ce, "Ɗana, ba su gida."

Na buɗe babban kundin lambobi,
na bi shi tun daga fari har dubu ba ɗaya.
Na ga gurbin tsuntsayen da ban taɓa jin kukansu ba,
ban ga na Malam Cindo ba.
Na rubuta "da sauransu" a kati.
Ya dubi katin, ya dube ni, ya ɗaure gafakarsa.
"Kayan aro," in ji shi, "ba ya rufe katara."

Yau jikata Lantana na jami'a a Samaru.
Ta ce littattafansu ta iska suke zuwa,
sai an biya dala ƙofa ke buɗewa,
in kuɗin shekara ya ƙare, allo ya yi wayam.
Na ce namu dai ko gara ta samu na ci.

Katin yana nan a aljihun tsohuwar rigata,
wurin lambar fari fat.
Ban ko tambaye shi sunan garinsu ba.