Inda Allura Ke Tsalle

A ƙasan akwatin Baba,
ƙarƙashin takardun mota da hular da ya daina sawa,
muka tarar da shi:
faifai ne, amma bai taɓa rufe ƙwarya ba.
A bayan kwalin wani dattijo da farar kwat,
furfura a gefen kunne,
yana murmushin wanda ya ci bashi ya kuma biya.

Daga Kwatano Baba ya zo da shi,
shekarar da yake jan babbar mota,
ni ko cikina ba a yi ba.

Na ɗauke shi daga Birni zuwa Zango,
wurin Tankari mai gyaran rediyo,
shi kaɗai ya rage a Damagaram
da garmaho mai sauran numfashi.
Ya hure ƙura, ya goge da bakin riga,
ya ce, «Wannan ba a jin sa a tsaye.
Je ka, ni zan kawo maku bayan isha'i.»

Ya zo da shi a bayan babur, naɗe cikin bargo.
Muka jira wuta ta dawo.

Da farko tsaki, kamar mai a kasko.
Sai murya,
mai nauyi, marar gaggawa,
irin ta mai ba da haƙuri a bakin ƙofa.
Ba Hausa ba, ba Faransanci ba,
ba wanda ya gane kalma ɗaya.
Amma a ƙarƙashinta ganguna na ta ƙiriniya,
ƴan ƙanana, masu saurin baki,
da wani abu mai caccaka kamar tsaba a cikin duma.
Tankari ya ce kiɗan Kuba ne,
tsohuwar waƙa ce aka ɗaura wa sabon zane.
Ni dai na ji kamar kalangu ne ya yi ƙaura,
ya haye teku, ya yi aure can,
ga jikokinsa sun zo gaisuwa.

Inna Barira na gefen tabarma tana ɓarar gujiya.
Shekara arba'in muna jin ta tana cewa
kayan shiriritar direbobi ne.
Ba ta ɗago kai ba.
Sai dai babban yatsan ƙafarta
ya fito daga bakin zane
yana ƙirga abin da bakinta ya musanta:
ɗaya, biyu, sai uku a jere.

A waƙa ta huɗu ta ce, «Nan zai yi tsalle.»
Kafin ta rufe baki allura ta yi tuntuɓe,
dattijon ya maimaita gaɓa ɗaya,
ya sake, ya sake,
kamar mai sallama a gidan da ba kowa.

Tankari ya kai faifan gaban fitila.
«Ƙarzuwa ce. Ina da dabara, zan iya rage ta.»

«Bar ta,» in ji Inna.
«Awarwarona ne.
Ya rufe ƙofa, ya ce zai koya mani taku,
na juya, hannuna ya bugi abin.
Bai yi faɗa ba. Dariya ya yi har ya zauna ƙasa.»

Ta miƙa yatsa ta ɗan tura allurar
yadda ake taɓa kafaɗar mai gyangyaɗi.
Murya ta wuce, ganguna suka bi ta a guje.

A waje duwatsun Birni na sakin zafin rana.
Gujiya ta ƙare a kwano,
Inna ba ta lura ba.
Ta ce, «Juya bayan.
Wanda ya fi so yana can.»