Kofato Ɗaya

Baba ya sauka Narin tun da azahar
da ƙanena Aman, wanda doki ya taka wa ƙafa.
Ya ce, "Jildiz, ina dawowa kafin magariba."
Magariba ta zo ita kaɗai,
dusar ƙanƙara ta biyo sawunta ta toshe hanyar kan dutse.

Shekarata goma sha huɗu.
Riƙon fitila na iya, iyakar ilimina ke nan.
Shekara uku ina bayan kafaɗarsa ina haska masa,
in jini ya fito in kawar da kai.

A garke, tunkiyar nan mai tsagaggen kunne
ta kwanta, ta tashi, ta sake kwantawa,
tana tonon ciyawa kamar ta yi ajiya ta manta wurin.
Faya ta fashe tun isha'i.
Kofato ɗaya ya leƙo. Ɗaya tak.
Baba ya sha faɗa:
biyu da hanci, bar ta da Allah,
ɗaya kuwa, naɗe hannun riga.

Na ɗaga waya sama a bakin ƙofa, babu sabis.
Na ruga wurin kakata Burul.
Daga cikin bargo ta ce,
"Idona ya tafi, yatsuna sun ƙage,
naki ne suka rage a gidan nan."
Na ce, "Ban iya ba tukuna."
Ta ce, "To, je ki gaya wa tunkiyar."

Na tsaya ina ƙirga abin da ban sani ba,
ya fi tumakinmu yawa.
Na ce bari in ƙara minti goma, ƙila hasken mota ya ɓullo.
Na ƙara goma a kan goma.
Ina jiran tsoro ya tashi ya ba ni wuri,
shi kuwa sai gyara zama yake.
Kukanta ya soma sirancewa.

Sai na rataye fitilar a ƙusa.

Ruwan ɗumi, sabulun wanki,
bismillah da haƙora suna kaɗawa.
Ciki zafi kamar tanda,
duhun da ido ba shi da aiki a cikinsa, sai na runtse.
Ga gwiwa. Ga wata gwiwa.
Ga kai a inda bai kamata kai ya kasance ba.
Ashe su biyu ne,
sun sarƙe kamar jiƙaƙƙiyar igiya.

Na bi ƙafa har kafaɗa, kafaɗa har wuya.
Ban san inda na koya ba.
Ƙila duk lokacin da nake kawar da kai
kunnena na nan yana kallo.
Na tura ɗaya baya a hankali,
na lanƙwaso ƙafar ɗan'uwansa,
ta yi nishi, na ja,
ta huta, na huta.

Na farko ya sulɓo, ruwan ɗorawa, shiru.
Na share masa hanci da ciyawa,
na murza ƙirjinsa, na hura, na kira shi da sunan da ba shi da shi.
Shiru.
Na biyu ya faɗo kan cinyata ya yi atishawa.

Minti ashirin ɗin nan, har yau ban san
ko su ne suka ci na farko ba.
Ba wanda zai gaya mini. Na daina tambaya,
amma ban daina tunawa ba.

Da hantsi Baba ya iso, a bayan motar share hanya.
Ya dubi wanda na lulluɓe da buhu,
ya dubi wanda ke tunkuyin hantsar uwarsa,
ya dubi hannun rigata da ya bushe ya ƙandare.
Ya ce, "Saura arba'in da ɗaya ba su haihu ba. Ci abinci."

A daren, da wata ta fara tonon ciyawa,
shi ya ɗauko fitila daga ƙusa
ya tsaya a bayan kafaɗata.